Zagin da Desmond Ya Nemo wa Asali

Mijina Desmond bai taɓa yin kuskure ba tun da aka haife shi. Shi ya gaya mini haka da bakinsa a makon da muka yi aure, kuma shekara arba'in da ɗaya ke nan bai janye maganar ba. Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyenmu na Thornsike. Da ya yi ritaya sai ya wayi gari masanin tarihi, tunda dai, in ji shi, babu gidan da bai san sirrinsa ba.

Ƙungiyar Tarihin Thornsike mutum bakwai ce. Shugabanta ya rasu a watan Fabrairu, aka sa zaɓe ranar Asabar ta ƙarshe a watan Yuni, ƙarfe uku na rana, kafin shayi. Masu neman kujerar biyu ne, Desmond da Marjorie Oldroyd, tsohuwar shugabar makarantar firamare, wadda har yau in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka duba farcenka ko da datti. Marjorie tana da ƙuri'a uku, tata da ta tagwayen gidan Hebden, tsofaffi biyu da ko atishawa ba sa yi sai ta fara. Desmond yana da huɗu: shi, da ni, da ƙanena Gordon mahauci, da tsoho Wilf, wanda ke bin duk wanda ya saya masa giya.

Kujerar nan Desmond yana sonta kamar ransa. Shekara goma sha biyu ya yi yana kallonta yana haɗiyar yawu, ni kuma na san in ta kuɓuce masa ba zai sake zama mutum ba. Shi ya sa na zaunar da shi.

Na ce, "Desmond, ka riga ka ci zaɓen nan. Aiki ɗaya ya rage maka, ka rufe bakinka har watan Yuni."

Ya ce, "Beryl, ke matsalarki ba ki da hangen nesa. Huɗu da uku ai cin rago ne. Bakwai nake so, har da ta Marjorie. Zan tono abin da zai sa ta ɗaga mini hannu da kanta."

Abin tonowar bai daɗe ba ya zo. Ranar wata Talata Desmond yana ja da baya da mota, yana yi mini bayanin yadda mata ba su iya ja da baya ba, ya daki motar naman Gordon. Gordon ya fito daga shago da wuƙa a hannu, ya dubi fitilarsa a ƙasa, ya dubi surukinsa, ya ce, "Pillock."

Kalma ce da muke jifan sakarai da ita, wanda ya haɗa wauta da taurin kai. Ba a faɗinta a gaban limamin coci. Mahaifiyarmu takan wanke mana baki da sabulu a kanta, kuma har ta mutu ba ta gaya mana dalili ba.

Desmond ya fito daga mota ido na ƙyalli. "Gordon, daga ina kalmar nan ta fito?"

"Daga bakina ta fito, akwai saura ma in kana so."

"Asalinta nake tambaya. Wa ya fara faɗinta? A kan wa?"

"Wanda ya fara ban san shi ba, Farfesa. Wanda za a ƙare a kansa dai ga shi a gabana."

Da yamma Desmond ya kai tambayar gidan giya, ya yi rashin sa'a Wilf yana zaune da kofi babu komai a ciki. A kofi na farko Wilf ya tuna kakansa ya taɓa ba shi labarin wani makiyayi a Thornsike mai suna Jeremiah Pillock. A na biyu ya tuna cewa Jeremiah ɗin nan ya ɗinka wa tumakinsa rigunan ruwa don kada ulunsu ya tsuke a jikinsu. A na uku ya tuna yakan kwana a rufin gida don hayaƙin murhu ya ɗumama shi, kada ya tafi a banza. Kofi na huɗu ne ya binne Jeremiah a maƙabartar coci, gefen hagu, inda gansakuka ta rufe duwatsu.

Desmond ya dawo gida yana tafiya kamar wanda aka naɗa. "Beryl, duk Ingila zagi ɗaya suke yi safe da yamma, kuma a ƙauyen nan aka haife shi. Ni na gano. Allon shuɗi za a kafa."

Irin allon ƙarfen nan mai da'ira yake nufi, wanda ake mannawa a gidan da wani babban mutum ya taɓa zama. Ƙauyen da ke gaba da mu suna da guda ɗaya, na wani da ya ƙirƙiro abin matse tufafi, kuma sun hana mu sakat da shi.

Na ce, "Wilf fa ya taɓa gaya maka ya yi dambe da kifi."

"Wannan a buge yake. Yau kuwa yana cikin hayyacinsa har kofi na uku."

Washegari ya tafi maƙabarta da burushin waya da ruwan wanke masai. Ya zaɓi dutsen da ya fi gansakuka, don a ganinsa tsufan kabari a gashinsa ake ganewa. Dutsen yankinmu kuwa laushi gare shi. Awa biyu yana gurza, gansakuka ta tafi, rubutun da ke ƙarƙashinta ya bi ta. Ranar Lahadi bayan coci Marjorie ta zo da furanni, ta tsaya gaban dutse fari fat, sumul kamar faranti.

Ta ce, "Mista Thwaite, ina kakata?"

"Kakarki?"

"Nan take tun 1952."

"To ai tana nan ƙasa, Misis Oldroyd, ban taɓa ta ba."

"Sunanta nake tambaya."

Desmond ya gyara tsayuwa. "A kimiyyance dai, yanzu babu wanda zai iya rantsuwa cewa ba Jeremiah ne a nan ba."

Marjorie ta ajiye furanninta, ta dube shi ta saman tabarau har sai da ya sa hannu a aljihu. Ni na yi kek na kai mata da yamma, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Daga nan ya shiga abin da ya kira binciken gida-gida. Ya sami allon rubutu da biro mai igiya, ya riƙa ƙwanƙwasa ƙofofi daidai lokacin cin abinci, don a lokacin ne kowa yake gida. Ya tada jariri daga barci a gida na uku. Ya taka shukar tumatir a na biyar. A gonar da ke bakin gari ya bar ƙyaure a buɗe, tumaki sittin suka bi shi a baya har filin ƙwallon kurket ana tsakiyar wasa da ƙauyen masu allo, suka cinye kwandon burodin baƙi, wani rago kuma ya kori alƙalin wasa har cikin rumfa. Desmond yana tsaye a tsakiyar fili yana rubutu, don ta ko'ina kalmar fitowa take yi.

Ya shigo gida yana huci don murna. "Sau arba'in da uku, Beryl, a wuni ɗaya. Babu garin da kalmar nan take da rai kamar Thornsike. Wannan ita ce hujja."

"Da wa suke magana lokacin da suke faɗa?"

"Da ni mana. Ni ne mai binciken."

Ya rubuta wa masu babban ƙamus wasiƙa shafi goma sha ɗaya. Amsa ta zo layi biyu, wai sun karanta da matuƙar sha'awa kuma za su adana. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san inda ake adana wasiƙar da aka karanta da matuƙar sha'awa. Desmond ya sa ta a gilashi ya rataye inda hoton aurenmu yake. Sannan ya buga wa jami'a waya, aka haɗa shi da wata Dakta Rennie mai nazarin asalin kalmomi. Ya yi mata bayani minti arba'in, ya gayyace ta buɗe allo ranar zaɓe da ƙarfe biyu. Ina jin muryarta ta cikin wayar tana cewa, "Mista Thwaite, ko da rarrafe zan zo."

Saura gidan da za a manna allon. A nan aka sha daga, don babu mai so. Mai gidan giya ya ce bangonsa yana da danshi. Tagwaye suka kulle ƙofa suka leƙo ta labule. Aka koma wa Wilf, aka cika masa kofi, ya tuna cewa gidan Jeremiah taki ɗari biyu ne daga ƙofar coci. Desmond ya tara jama'a shaida, ya jingina da ƙofar coci, ya fara taku yana ƙirgawa da ƙarfi. A taki na ɗari da tamanin ya shiga kududdufin agwagi, kuma bai tsaya ba sai da ya cika ɗari biyu, ruwa iya ƙugu.

Gordon ya ce daga bakin ruwa, "A nan za a manna, Farfesa? In kamo maka agwagwa ɗaya?"

"Mutanen da sun fi mu tsawon ƙafa," in ji Desmond, ya fito yana ɗiga ya sake komawa coci.

Karo na biyu ya canza hanya, ya buɗe ƙafa kamar mai tsallake kwata, ɗari biyu ta kai shi ƙofar Marjorie. Tana tsaye da almakashin yanke shinge. Ta buɗe almakashin ta rufe. Desmond ya ce ya tuna a zamanin Jeremiah ana fama da yunwa, taku gajere ne. Karo na uku ya yi ta ɗan sanɗa kamar mai ciwon baya, jama'a na biye, har ya dungure da wata ƙofa kore. Tawa ce, ni na yi mata fenti.

Na ce, "Kada ka soma."

"Beryl, tarihi ne ya zaɓe mu."

"Tarihi ya zaɓi kududdufi, kai ka ƙi."

Masu ƙera allon suka aiko da takardar cikewa. Na ce ya kawo in karanta masa, don ya bar tabaransa a cikin kududdufi. Ya ce shi da ya yi shekara talatin yana hulɗa da takarda ba mace ce za ta koya masa cike fom ba. Ya cike ta yana cin wake da burodi, bai yi minti biyu ba, ya liƙe ambulan da miyau ya kai gidan waya da kansa.

Allon bai iso ba sai ranar zaɓe da hantsi, fuskarsa a liƙe da takarda mai kauri don kada ya karce. Na ce mu ɓare mu gani. Ya ce allon shuɗi kamar amarya ne, ba a ganinsa kafin lokaci. Gidanmu tsoho ne, doka ta hana a huda bangonsa, don haka suka haɗo da gam ɗin gini, suka rubuta cewa kwalba ɗaya ta isa. Desmond ya matse huɗu, ya ƙara da wani haɗi nasa na gam ɗin takalmi da na katako da ya dama a tukunyar miyata. Ya hau kujera ya danna allon sama da ƙofa, gam yana tsartuwa ta kowane gefe. Ya ciro labulen kicin ɗina ya rataya a kai.

Ƙarfe biyu duk ƙauyen yana ƙofar gidanmu, har da mutanen ƙauyen masu allo da suka zo ganin ƙwaƙwaf. Rabaran Pennock, limamin cocinmu wanda shi ke gudanar da zaɓen ƙungiya, yana gaba. Dakta Rennie ta zo da ɗan littafi, mace ce 'yar siririya mai fara'a. Desmond ya hau kujera da kwat ɗin aurenmu da ba ta rufuwa, ya yi jawabi har agwagi suka gaji suka tafi. Da ya gama ya ce, "Yanzu jami'a za ta tabbatar."

Dakta ta yi gyaran murya. Ta ce ta ji daɗin labarin ƙwarai, don tana tara irin labaran da mutane ke ƙaga wa kalmomi, kuma na rigunan tumaki ya shiga sahun gaba. Amma ita ba ta taɓa cin karo da wani Jeremiah ba. Kalmar tana nan a rubuce fiye da shekara ɗari huɗu a arewacin ƙasar nan, daga wata tsohuwar kalma ta gajarce, kuma wasu masana suna jin masu jiragen ruwan arewa ne suka zo da tushenta.

Marjorie ta ce, "Me tsohuwar kalmar take nufi, Dakta? Don amfanin ƙungiya."

Dakta ta dubi Rabaran, ta dubi tagwaye, ta dubi takalminta. "Abin da namiji yake rufewa da wando."

Ɗaya daga cikin tagwaye ta ce, "Gwiwa?"

Gordon ya ce, "Ƙara hawa sama kaɗan, Anti."

Rabaran ya shiga goge tabarau. Ni kuwa a ranar na gane dalilin sabulun mahaifiyarmu. Na juya neman Wilf, na hango shi ya laɓe bayan motar Gordon yana nazarin taya.

Wani mijin da ya sauko daga kujera ya nemi gida. Desmond ya ɗaga haɓa ya ce, "Jami'a tana da ra'ayinta. Amma magana iska ce, abin da aka zuba a ƙarfe shi ke zama." Ya finciki igiya, sandar labule ta faɗo a kan Rabaran. Ya kama bakin takardar ya ɓare ta gaba ɗaya.

Fom ɗin ashe tambaya uku ya yi: suna, abin da aka san mutum da shi, da shekarun da ya yi a gidan. Na wanda ake karramawa suke nufi. Desmond kuwa tunda yake bai taɓa ganin wurin rubuta suna ya tuna da wani ba. Ga shi nan fari a kan shuɗi, ana karantawa daga bakin coci:

DESMOND THWAITE
Asalin kalmar PILLOCK
Yana zaune a gidan nan tun 1979

Mutanenmu ba sa yi wa mutum dariya a gabansa, tari suke yi. Ƙauye guda ya kama tari kamar an ƙona barkono. Gordon ne kawai ya kasa, ya durƙusa ya riƙe ciki yana neman numfashi. Dakta Rennie tana ta rubutu.

Desmond ya kai hannun dama ya rufe sunansa. Shi ya ce a yi manyan haruffa, tafinsa bai rufe ko rabi ba. Ya zame hannun gefe don ya ɓamɓaro allon, ya dafa inda haɗinsa ya taru. Ya ja, hannu ya ce ina nan. Ya sake ja, kujera ta yi rawa, hannu yana nan sama da kansa, manne da bango.

Agogon coci ya buga uku.

Rabaran ya cire labulena daga kafaɗarsa ya buɗe littafin dokokin ƙungiya. Ya ce doka ta huɗu ta ce ƙarfe uku, kuma tunda ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ba zai iya zuwa zauren taro ba, zaure zai zo wurinsa. Na yi sauri na damƙo Wilf daga bayan mota, na taka ƙafar Gordon na ce in ya kuskura ya ba ni kunya sai na gaya wa matarsa inda yake ɓoye sigari. Duk da abin da ya faru, huɗunmu tana nan. Na ji zuciyata ta ɗan kwanta, don wallahi ina so ya samu. Wawa ne, amma nawa ne.

Rabaran ya ce, "Bisa jerin suna, Oldroyd ce farko. Masu goyon bayan Misis Oldroyd su ɗaga hannu."

Marjorie ta ɗaga, tagwaye suka bi. Rabaran ya nuna da biro. "Ɗaya, biyu, uku." Ya ɗaga kai sama. "Huɗu."

Desmond ya ce, "Rabaran, ba ɗagawa na yi ba, mannewa ya yi."

Rabaran ya duba littafi, ya bi layi da yatsa. "Doka ta shida ta ce hannu sama da kafaɗa. Ba ta yi maganar dalili ba."

"To a jira in sauke."

"Bismillah, sauke."

Ya ja har fuskarsa ta yi ja, kwat ta yage a hammata. Rabaran ya jira minti guda cur da agogo a hannu, don mutum ne mai adalci. Sannan ya kira masu goyon bayan Mista Thwaite. Na ɗaga, Gordon ya ɗaga yana share hawaye, na ɗaga wa Wilf nasa. Desmond ya ɗaga na hagu shi ma, ya tsaya a kan kujera hannu biyu a sama kamar wanda 'yan fashi suka tare.

Rabaran ya ce, "Mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, Desmond, kuma taka ta riga ta shiga. Huɗu da uku. Misis Oldroyd ce shugaba."

Marjorie ta matso gaban kujerar, ta ɗaga kai. "Na gode da goyon bayanka, Mista Thwaite. Ban zata ba." Ta juya ta ja jama'a zuwa zaure shan shayi.

Aka bar mu mu biyu. Na shiga kicin na ɗebo ruwan ɗumi da man shanu, na jawo wata kujera na hau kusa da shi, na fara shafa masa tsakanin yatsu. Ya yi shiru, kuma ban saba jin shirunsa ba, sai na ji tausayi ya kama ni. Na kusa ciro ɗan yatsansa na ƙarshe ya yi magana a hankali.

"Beryl, ni kika zaɓa?"

"Kai na zaɓa."

"Uku da uku ke nan, in ban da ni."

"In ban da kai."

Ya yi ɗan tunani. Na ga ƙirjinsa yana tasowa cikin yagaggiyar kwat, na san an gama jinya.

"To kin gani. Duk ƙungiyar nan, ƙuri'ata ce kaɗai mai naɗa shugaba."

Na ajiye man shanun a kan taga inda hannunsa na hagu ba zai kai ba, na sauka na bi su shan shayi.